Sabar ta dawo, manhaja ba ta dawo ba: yadda ayyukan bayan fage ke tashi da kansu

Akwai wani kiran waya da duk mai kula da sabar, wato kwamfutar da shafi ko manhaja ke gudana a kanta, ya sani. Wuta ta ɗauke a ɗakin da injin yake, ko an yi wata sabuntawa da ta tilasta a sake kunna shi, ko masu ba da hayar injin sun yi gyara cikin dare. Gari na wayewa a kira ka a ce shafi ya ƙi buɗewa. Ka shiga ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa, ka tarar sabar lafiyarta ƙalau, tana amsawa, faifai bai cika ba, amma manhajar da aka ajiye injin dominta tana kwance. Ka buga umarni ɗaya ta miƙe. Hankalin kowa ya kwanta, a koma harkoki, sai kuma ranar da abin ya maimaita kansa.

Wannan umarnin ɗaya da ka buga shi ne tushen matsalar. Wata rana can baya wani ya tayar da manhajar da hannunsa, ya ga tana aiki, ya ɗauka an gama. Injin kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan aikin yana cikin waɗanda zai tayar idan ya farka. Don a gane inda ake gaya masa, sai an bi sawun abin da ke faruwa tun daga danna maɓalli.

Abu na farko da ke farkawa shi ne ɗan tsarin da ke maƙale a allon injin, BIOS a tsofaffin injina, UEFI a na yanzu. Shi zai duba kayan ciki ya nemo mai loda tsari, wanda a yawancin injinan Linux GRUB ne. GRUB ya ɗauko kernel, wato zuciyar tsarin aiki, ya ɗora shi a ƙwaƙwalwa. Kernel ya gano faifai da sauran kayan aiki, ya ɗaura tushen ma'ajiya, sannan ya tayar da manhaja guda ɗaya tak, wadda ke karɓar lamba 1 a jerin ayyukan da ke gudana. Daga nan ya zare hannunsa daga zancen wa zai tashi da wa ba zai tashi ba. Duk wani abu da zai gudana a injin daga baya, ko mai karɓar SSH ne, ko rumbun bayanai, ko manhajarka, zuriyar wannan mai lamba 1 ne. Idan ya mutu, tsarin gaba ɗaya ya tsaya cak. Saboda haka tambayar ko aiki zai tashi da kansa tambaya ce guda: shin mai lamba 1 ya san da shi?

Irin waɗannan ayyuka da ke gudana ba taga, ba allo, ba wanda ke zaune a gabansu, a duniyar Unix ana kiransu daemon, sunan da ya samo asali a jami'ar MIT ta Amurka a 1963. Shi ne dalilin harafin d a ƙarshen sunaye irin su sshd da httpd da crond. A nan zan riƙa ce musu sabis, yadda masu aikin suka saba faɗa.

Daga lambobi zuwa dogaro

Shekaru da dama, mai lamba 1 a yawancin injinan Linux tsarin nan ne da aka gada daga UNIX System V na kamfanin AT&T, wanda ya fito a 1983. Dabararsa mai sauƙi ce. Kowane sabis yana da rubutun umarni a /etc/init.d wanda ya san yadda ake tayar da shi da yadda ake tsayar da shi. Injin yana da matakai daga 0 zuwa 6: 0 kashewa, 1 yanayin gyara na mutum ɗaya, 6 sake kunnawa, na tsakiya kuma aikin yau da kullum. Kowane mataki yana da foldarsa, kamar /etc/rc3.d, cike da mahaɗai masu nuni zuwa waɗancan rubuce-rubuce. Wanda sunansa ya fara da S a tayar da shi, wanda ya fara da K a kashe shi, lambar da ke biye kuma ita ce layi: S20 kafin S80.

Tsarin ya yi aiki, kuma yana da kyawun da har yau wasu ke kewarsa, don kana iya buɗe rubutun ka karanta duk abin da zai faru da idonka. Amma layi ɗaya ake bi, wani sai ya gama kafin wani ya fara, ko da babu abin da ya haɗa su. Sannan da zarar rubutun ya tayar da sabis, ya gama nasa. Idan sabis ɗin ya faɗi bayan minti biyar, babu mai lura.

Gyaran ya zo ta hanyoyi da yawa, kowa da nasa sabon mai lamba 1. Apple ya kawo launchd a 2005, Ubuntu ya kawo Upstart a 2006, sannan a 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd. A cikin nau'o'in Linux, Fedora 15 ta karɓe shi a 2011, RHEL 7 a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 a 2015. Ba a karɓe shi cikin ruwan sanyi ba. Muhawarar da aka yi a Debian ta yi zafin da har wasu suka ɓalle suka kafa Devuan don su ci gaba ba tare da shi ba, kuma Alpine da Gentoo suna da OpenRC, Void tana da runit a madadinsa. Ƙorafin cewa systemd ya tattara ayyuka da yawa a hannunsa yana da ƙanshin gaskiya. Amma a kan wannan batu na tayar da sabis da sa masa ido, ni dai ina ganin ya sauƙaƙa rayuwa ƙwarai, kuma shi za ka tarar a mafi yawan sabar Linux da za ka taɓa a yau.

Abin da ya canza shi ne, maimakon ka ba sabis lamba a layi, sai ka faɗi abin da ya dogara da shi, systemd ya lissafa layin da kansa, ya tayar da duk waɗanda ba sa jiran juna a lokaci guda.

Kunnawa daban, rajista daban

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Da umarnin systemctl ake sarrafa systemd. Umarnin systemctl start yana tayar da sabis yanzu, a wannan zaman kaɗai. Umarnin systemctl enable kuma ba ya tayar da komai yanzu, rajista yake yi masa a jerin masu tashi a farkawa ta gaba. Sabis na iya yin wata shida yana gudana ba shi da rajista, wani kuma yana da rajista amma a kwance yake. Mai son duka biyun sai ya ce systemctl enable --now.

Rajistar nan ba wani abin ɓoye ba ce. Ga misalin fayil ɗin sabis na wata manhaja da aka sa wa suna "rajista", a ce an ajiye shi a /etc/systemd/system/rajista.service:

[Unit]
Description=Manhajar rajista
Wants=network-online.target
After=network-online.target postgresql.service

[Service]
User=rajista
WorkingDirectory=/srv/rajista
EnvironmentFile=/etc/rajista/muhalli
ExecStart=/srv/rajista/bin/sabis
Restart=on-failure
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=multi-user.target

Layin ƙarshe shi ne wanda enable ke karantawa. multi-user.target shi ne matakin da sabar ke kaiwa idan ta gama tashi, kusan daidai da mataki na 3 a tsohon tsari. Idan ka yi enable, abin da systemd zai yi kawai shi ne ya ƙirƙiri mahaɗi a cikin foldar /etc/systemd/system/multi-user.target.wants mai nuni zuwa fayil ɗinka. Kana iya shiga foldar ka gani. Idan ka manta sashen Install gaba ɗaya, enable ba shi da inda zai rataya sabis ɗin, zai yi maka gargaɗi, kuma mai gaggawa sau da yawa ba ya tsayawa karanta gargaɗi. Haka nan duk lokacin da ka taɓa fayil ɗin, sai ka ce systemctl daemon-reload kafin systemd ya san an canza wani abu.

Rajista dai ita ce rabin aiki mai sauƙi. Rabin mai wuya shi ne sabis ɗin ya tarar da abin da yake buƙata a lokacin da aka tashe shi.

Abin da hannunka ke ɓoyewa

Lokacin da ka tayar da manhaja da hannu, kana yi ne a injin da ya daɗe a farke. Hanyar sadarwa ta samu adireshi, rumbun bayanai ya gama shiri, duk faifai an ɗaura su. Kai kuma ka shigo da kayanka ba tare da ka lura ba: foldar da kake tsaye a ciki, jerin wuraren da ake neman manhajoji, kalmomin sirrin da ka taɓa zubawa a .bashrc, ikon asusunka. A lokacin farkawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa a fayil ɗin da ke sama aka rubuta cikakkiyar hanyar manhajar, aka faɗi foldar aiki, aka faɗi fayil ɗin da za a ɗebo bayanan muhalli. Ka kuma sani cewa ExecStart ba ya bi ta bash, manhajar da ke karɓar umarninka idan ka shiga, don haka alamomin da ka saba haɗa umarni biyu da su ko juya fitarwa zuwa fayil ba za su yi aiki a wurin ba. Layin User shi ma kada a raina shi. Idan ba ka rubuta ba, sabis ɗin zai gudana a matsayin root, mai cikakken iko a kan injin, kuma duk wanda ya samu kafa ta cikinsa ya samu injin duka.

Sai maganar After da Wants, waɗanda mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. After zancen layi ne kawai: idan za a tayar da mu biyun, shi ya riga ni. Ba ya jawo kowa. Wants kuma yana jawo ɗayan ya tashi, amma bai ce komai a kan wa zai riga wa ba. Requires ya fi Wants tsanani, domin idan aka haɗa shi da After kuma wancan ya kasa tashi, kai ma ba za ka tashi ba. Wanda ya rubuta Requires shi kaɗai ya bar After zai samu sabis biyu suna tsere, wata rana wannan ya riga, wata rana wancan. Irin wannan matsala ita ce mafi cin rai, domin sau tara lafiya, na goma ta kwaɓe.

Hanyar sadarwa ma tana da nata tarkon. network.target yana nufin an tayar da mai kula da sadarwa ne kurum, bai ce an samu adireshi ba. Sabis ɗin da zai kira wani inji tun a numfashinsa na farko, ko wanda zai saurara a wani takamaiman adireshi, network-online.target yake buƙata, kuma da Wants da After duka, kamar yadda yake a misalin.

Akwai kuma tambayar me ake nufi da "ya tashi". A nau'in da ake samu idan ba a faɗi komai ba, wato Type=simple, systemd yana ɗaukar sabis ya tashi da zarar ya sake shi, ko da zai ɗauki daƙiƙa ashirin kafin ya fara amsa kira. Masu jiransa sai su shigo su tarar ƙofa a rufe. Type=notify ya fi dacewa ga manhajar da aka rubuta ta san wannan hanya, domin ita da kanta za ta aika wa systemd saƙon cewa ta shirya. Duk da haka, manhaja mai kyau ita ce wadda idan ta nemi rumbun bayanai ba ta samu ba, za ta ɗan jira ta sake gwadawa, domin sau da yawa rumbun yana wani inji dabam, inda After ba shi da iko.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne a wata sabar da ke karɓar takardun da mutane ke lodawa. Foldar ajiyar tana wani inji, ana ɗauro ta ta NFS, wato a sa ta bayyana a kan wata folda ta wannan injin ta hanyar sadarwa. Bayan wata farkawa manhajar ta riga ɗaurin da 'yan daƙiƙu. Ta duba, ta ga foldar tana nan, domin wurin ɗaurin ai folda ce ta gaske, fanko kawai take. Ta buɗe fayil ɗin lissafinta sabo a ciki ta fara aiki. Can sai ma'ajiyar nesa ta sauka a kan foldar ta rufe abin da ke ƙasa. Babu abin da ya faɗi, babu jan rubutu a ko'ina, sabis yana nuna yana gudana. Sai da mutane suka fara cewa ba sa ganin abin da suka loda sannan aka shiga bincike, aka kwance ɗaurin, aka tarar da bayanan a ɓoye a ƙarƙashinsa. Maganin layi ɗaya ne a sashen Unit, RequiresMountsFor tare da hanyar foldar. Sabis na yau da kullum yana jiran faifan cikin inji, amma ba ya jiran ma'ajiyar nesa sai an gaya masa. Haka ma faifan da aka sa wa nofail a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da za a ɗaura, ba a jiran sa.

Idan ya faɗi bayan ya tashi

Restart=on-failure yana sa systemd ya sake ɗaga sabis idan ya mutu da kuskure, Restart=always kuma ko ta wace hanya ya fita, sai dai in kai ka tsayar da shi da systemctl stop. Amma akwai iyaka. A tsarin asali, tazarar sake tayarwa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ce, kuma idan sabis ya tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, systemd zai haƙura ya bar shi a kwance. Ka ga ke nan sabis ɗin da ke faɗuwa don rumbun bayanai bai shirya ba zai ƙone damarsa duka cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa na sa RestartSec=5. Sai dai wannan ma yana da nasa farashin: da tazarar daƙiƙa biyar ba zai taɓa cika waccan iyakar ba, zai yi ta faɗuwa yana tashi har abada, kuma idan babu abin da ke sa ido daga waje, sai a daɗe ba a san yana ciwo ba.

Akwai gajerun hanyoyi da mutane ke bi, kuma ban ce haramun ne ba. Layin @reboot a crontab, jadawalin ayyukan da ake sa wa lokaci, yana gudanar da umarni sau ɗaya a farkawa, /etc/rc.local ma haka a inda ake mutunta shi har yanzu. Sun isa ga ɗan aikin da za a yi a gama. Ga sabis mai zama kuwa, ba su san layi ba, ba sa ɗaga wanda ya faɗi, ba sa tattara rahotonsa, kuma wanda zai gaje ka ba zai yi tunanin leƙawa can ba. Barin manhaja a cikin tmux ko screen, ko tayar da ita da nohup, yana kare ta ne daga rufewar zamanka kawai, sake kunna inji kuwa zai tafi da ita. Sabis ɗin da aka yi wa rajista da systemctl --user shi ma ba ya tashi sai mai asusun ya shiga, in ba an ce loginctl enable-linger ba.

Masu Docker, wanda ke gudanar da manhaja a cikin keɓaɓɓen wurin da ake kira kwantena, suna da hawa biyu: dole Docker kansa ya kasance da rajista, sannan kwantenar ta kasance da dokar sake tashi, always ko unless-stopped. A Windows, a services.msc ake zaɓar Automatic, akwai kuma mai ɗan jinkiri ga sabis ɗin da bai kamata ya shiga cunkoson farko ba. A FreeBSD layi ɗaya ne a /etc/rc.conf, kamar sshd_enable="YES".

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ya kamata a riƙa tambayar me ke tashi wanda bai kamata ba. A Debian da Ubuntu, yawancin sabis suna samun rajista su kuma tashi da zarar an girka su, a dangin Red Hat kuwa galibi sai ka kunna da kanka. Don haka abin da ka girka don gwaji bara yana iya kasancewa yana saurare a wata ƙofa har yau. systemctl list-unit-files --state=enabled zai jero maka su. disable yana cire rajista, amma wani sabis na iya jawo shi ta Wants. mask ne ke toshe shi gaba ɗaya.

Duk wannan kuma yana kan zaton injin ya kai ga mai lamba 1 lafiya. Inji na ƙarfe yana da saiti a BIOS ko UEFI da ke faɗin abin da zai yi idan wuta ta dawo, kuma in an bar shi a kan ya zauna a kashe, sai wani ya je ya danna. Faifan da aka kulle da LUKS zai tsaya yana jiran kalmar sirri a allon da babu kowa a gabansa. Layi ɗaya mara daidai a /etc/fstab na iya jefa injin cikin yanayin gaggawa tun kafin SSH ya tashi, kai kuma kana nesa.

Shi ya sa ba na jin daɗi idan na ji mutum yana alfahari sabar ɗinsa ta shekara biyu ba a sake kunna ta ba. A cikin shekara biyun nan an tayar da abubuwa da hannu, an ɗaura faifai da hannu, an buɗe ƙofofi a katangar tsaro da hannu, waɗanda suka yi wasu ma sun bar aikin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: duk za su bayyana a farkawa ɗaya, a lokacin da ba kai ka zaɓa ba.

Abin da nake yi duk lokacin da na ƙara sabis shi ne in sake kunna injin da gangan, a lokacin da mutane ba su da yawa, bayan na tabbatar ina da hanyar ganin allonsa ko da SSH ya ƙi. Kafin nan in tambayi systemctl is-enabled. Idan injin ya dawo, ba na taɓa komai. In fara da systemctl --failed in ga ko akwai wanda ya kasa, sannan journalctl -b -u da sunan sabis ɗin in karanta abin da ya faɗa tun daga farkawar nan, ko da yana nuna yana gudana, domin a nan ake ganin wanda ya faɗi sau biyu kafin ya tsaya da ƙafafunsa. Idan tashin ya yi nauyi, systemd-analyze critical-chain yana nuna wa ke jiran wa da tsawon jiran. Daga nan in buɗe manhajar daga wani inji kamar yadda mai amfani zai yi, in loda wani abu, in je in duba a wane faifai ya sauka. Idan sabis ɗin yana dogara da sadarwa ko ma'ajiyar nesa, sai in sake kunnawa karo na biyu da na uku, saboda tsere ba ya nuna kansa a gwaji ɗaya.